Aikin tambarin zuri'armu, daga ƙaramar sallah zuwa babba

Lahadi 14 ga Afrilu 2024

To jiya aka ɗora min kaya. A zaman zumunci na bayan sallah Baffa yace tunda ni ne mai kwamfuta a gidan, in zana wa ƙungiyar zuri'armu tambari, wanda za a sa a rasit da hatimi da bana da rigunan yara, kuma a gama kafin babbar sallah. Nace to, don ba a ce wa Baffa a'a a gaban mutane. Kafin in kai bakin ƙofa kowa ya kawo nasa, na rubuta a bayan ambulan: Alƙur'ani, doki, takobi, dalar gyaɗa, littafi da alƙalami, hannu biyu suna musabaha, jinjirin wata da tauraro, dagin Arewa, taswirar Najeriya, wani ƙanina ma cewa yayi a sa laftof wai don a san mun waye. Abu goma a cikin hatimin da bai kai faɗin murfin kwalbar zuma ba.

Abun mamaki babu wanda ya ambaci rini, alhali kakanninmu marina ne a Kura, da baba da muciya aka ciyar da iyayenmu. Sai da Gwaggo tazo wucewa da kwanuka tace "ku da kuka fito daga karofi ina ruwanku da takobi", akayi dariya aka wuce. Ni dai na rubuta maganarta a ƙasan ambulan ɗin.

Asabar 20 ga Afrilu

Na fara da abun da ke aljihun kowa, tambarin Najeriya da ke jikin kuɗi da fasfo. Shekara nawa ina ganinsa ban taɓa tsayawa na kalle shi da kyau ba. Baƙar garkuwa, farar gwafa mai lanƙwasa kamar ruwa wato Neja da Binuwai da suka haɗu a Lokoja, fararen dawaki biyu sun riƙe ta, jar gaggafa a sama tana tsaye kan wani murɗaɗɗen ƙyalle kore da fari, ƙasa ciyawa da furanni, sai take. A 1960 aka bada shi, taken farko Haɗin Kai da Imani ne kawai, a 1978 aka ƙara Zaman Lafiya da Ci Gaba.

Ashe duk wannan ba son ran mai zane bane, ilmi ne guda mai dokokinsa, Turawa na ce masa heraldiri, a Turai ya taso wajen ƙarni na 12 lokacin da mayaƙa ke rufe fuska da kwalkwali ba a gane kowa sai da alamar garkuwarsa. Ɗaya daga cikin na farko-farko da aka sani shine na Jofre sarkin yankin Anju a Faransa, shuɗiyar garkuwa mai zakuna na zinare, har yau hoton na nan a birnin Le Mans. Masu kula da abun kuwa asalinsu masu shela ne a fada da filin wasan dawaki, su ke sanin wane ɗan wane ne su faɗa da ƙarfi, kai kace sankira. Daga baya suka zama hukuma, a Ingila Sarki Richard na Uku ya basu takardar kafuwa a 1484, har yanzu ofishin na Landan da ma'aikata goma sha uku, uku daga ciki ma sarakunan tambari ake ce musu.

Na yanke shawara zan bi dokokinsu. Ba don Bature ya fi mu ba, don dai ina neman sandar da zan kore abu goman nan ne ba tare da ance na raina wani ba.

Laraba 24 ga Afrilu

Kwana biyu ina cikin shirme ban sani ba. Kalmomin abun tsohon Faransanci ne, ko Baturen Ingila sai ya koya, to naga kalmar azur na ɗauka azurfa ce, duk inda na karanta sai in shafa fari. Na zana garkuwoyi kusan shida don gwaji duk suka fito ba daidai ba. Ashe azur shuɗi ne, azurfa kuma arjant ake ce mata. Don kar in sake, na manna takarda a bango:

Ƙarafa biyu ne, or shine zinare ana shafa shi rawaya, arjant azurfa ana barinta fari. Launuka biyar, guls ja, azur shuɗi, bat kore wanda Faransawa ke kira sinoful, sebul baƙi, sai farfur shunayya wanda ba a cika gani ba. Akwai kuma fatu, wadda tafi suna itace amin, farar fatar wata ƴar dabba mai kama da tunku an ɗiɗɗiga mata baƙin jela, bana jin zamu buƙace ta a zafin Kano.

Babbar dokar guda ɗaya ce, kar ka ɗora launi kan launi, kar ka ɗora ƙarfe kan ƙarfe. Ja a kan shuɗi a'a, rawaya a kan fari a'a. Da farko nace wannan ai camfi ne, sai na fita titi na duba, lambar mota fari ne da rubutu mai duhu, allon hanya kore ne da farin rubutu, keke napep rawaya da baƙin rubutu. Duk mai rubutun allo a Kano yana bin dokar nan bai san sunanta ba. An yi masu karya ta da gangan, kamar masarautar da ƴan yaƙin gicciye suka kafa a Ƙudus, zinare a kan azurfa suka sa, amma shi yasa har yau ake kawo su misali.

Asabar 27 ga Afrilu

Wuta bata zo ba tun shekaranjiya, zafi kamar a gasa gurasa, da fensir nayi aiki a soro. Yau sassan garkuwa na zauna na raɗa wa suna da Hausa don in iya yiwa su Baffa bayani, kuma wallahi naji daɗin wannan fiye da zanen kansa, don kusan kowanne akwai abinsa a gidanmu.

Bangon garkuwar gaba ɗaya fili, abun da aka ɗora kai kaya. Yankin sama goshi, na ƙasa gindi. Faffaɗan layi da ya ratsa tsakiya a kwance, wanda suke kira fes, ɗamara ce sak, asalin kalmar ma ɗauri take nufi. Na tsaye ginshiƙi. Wanda ya sauko a karkace daga kafaɗa zuwa ƙugu, ben, nace hamila, don haka ake rataya takobi. Shebron mai kama da kan bukka, su da kansu daga itacen rufin ɗaki suka samo sunan, to tsaiko kenan. Biyu da suka gitta kamar alamar sau, gicciye. Irin na Najeriya gwafa. A wajen garkuwa kuma, murɗaɗɗen ƙyallen nan da gaggafa ke tsaye a kai gammo ne ba wani abu ba, abun da ke bisa gammo zanko, dabbobin da ke riƙe da garkuwa zagage, ƙasar da suka taka dandamali.

Sai dama da hagu, nan ma akwai tarko. Dekista dama, sinista hagu, amma damar wanda ke riƙe da garkuwar ake nufi ba ta mai kallo ba, kenan abun da kake gani a hagunka shine dama. Kamar dai yadda hannun daman liman yake in ya juyo yana huɗuba.

Laraba 1 ga Mayu

Hutun ranar ma'aikata, na samu na zauna tun safe. Yau na gane abun da ya juya min aikin gaba ɗaya. A wajensu tambari ba zanen bane, maganar ce. Ana rubuta siffarsa a jimla ɗaya ko biyu, sunan wannan rubutun balazon, shi ake ajiyewa a rajista, duk mai zanen da ya karanta zai zana da salon hannunsa kuma duk daidai ne. Shuɗin ya cika duhu ko ya yi haske, zakin mai ƙiba ne ko ramamme, ba matsala muddin jimlar bata canja ba. Kuma akwai tsari, fili ake fara faɗa, sannan babban kaya, sannan ƙanana, goshi da gefe a ƙarshe, launi na biyo bayan sunan abu kamar muce doki fari.

Na gwada da na Nijar don a tsarin mulkinsu na 2010 ma a rubuce yake da irin wannan harshen: fili kore, rana mai haskawa, a dama mashi a tsaye da takubban Buzaye biyu a gicciye, a hagu zangarniyar gero uku ɗaya a tsaye biyu a gicciye, a gindi kan sa, dukka na zinare. Na karanta wa yarinyata mai aji biyar ban nuna mata hoto ba ta zana, kuma ta kusa sosai, sai dai san nata yafi kama da akuya.

Wannan ai kirari ne. Maroƙi in yace wane kaza ɗan kaza, ko wa ya faɗa da kowace irin murya an san wa ake nufi, in kirari yayi tsawon da ba mai iya riƙewa to ya mutu tare da maroƙinsa. Don haka gwajin da na sa wa kaina, tambarinmu sai wanda Gwaggo zata iya faɗa daga ka bayan ji ɗaya.

Wani labari da ya bani dariya, a 1385 rundunar Ingila ta tafi yaƙi Sikotilan, manya biyu Scrope da Grosvenor suka haɗu a sansani kowa da shuɗin fili da hamilar zinare. Shari'a aka shiga, aka kira shaidu ɗaruruwa kowa na rantsuwa shi tun yana yaro yake ganin alamar a gidan wane, sai 1390 sarki ya yanke wa Scrope, Grosvenor ya koma damin alkama na zinare a shuɗin fili. Shekara biyar a kan layi ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar sarauta ko ta iyakar gona bazai yi mamaki ba.

Lahadi 5 ga Mayu

Zaman kwamiti na farko, an sha fama. Kawu ya dage sai an sa dawaki biyu irin na Najeriya, nace Kawu ku yi haƙuri, na farko akwai dokar tuta da tambarin ƙasa ba a kwaikwayonsa haka kawai, na biyu ko a Ingila zagage ba na kowa bane, na manyan masu sarauta ne da wasu hukumomi, mu kuwa ƙungiyar zumunci ce mai tara kuɗin asibiti da na makaranta. Yace to ai mu ma manya ne. Kafin in amsa Baffa malam yace shi dai duk abu mai rai kar a sa, ba doki ba gaggafa ba zaki, don yara zasu sa rigar su shiga masallaci. Alƙur'ani ma yace a cire, rasit a ƙasa yake ƙarewa ana takawa. Cikin minti biyar abu biyu sun fita ba da bakina ba, alhamdulillahi.

Amma sai Kawu ya juya yace in ba dabba to me ya rage, ai duk tambarin kirki zaki ne ko gaggafa, ya kawo na Ghana mai gaggafa biyu da baƙin tauraro wanda Amon Kotei ya zana a 1957. Banda amsa a lokacin. Na dawo gida raina a jagule.

Lahadi 12 ga Mayu

Na samu amsar Kawu, kuma a Masar na same ta. Mamalik da suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517 suna da nasu tsarin, sunansa ranki, daga kalmar Farisa mai nufin launi. Akwai masu dabba, Sultan Baibars da yayi mulki 1260 zuwa 1277 zaki ne alamarsa har a jikin kuɗi da gadoji, amma yawancin hakimansu kayan aikinsu suke sawa. Mai shayar da sarki kofi, magatakarda gidan alƙalami, mai riƙe makamai takobi, mai kula da tufafi ƙyallen naɗe kaya, mai kula da wasan ƙwallon dawaki sandunan wasan guda biyu. A da'ira suke yi a raba ta gida uku a kwance, a buga a fitilun masallaci da kwanukan tagulla da ƙofar gini. Mutum ya zama babban hakimi amma alamar aikin da ya fara yi a fada bata barinsa.

Haka ma marinan Landan, suna da tsohuwar ƙungiya tun ƙarni na 15, garkuwarsu baƙin fili ne da farin tsaiko da buhu uku na saiwar da suke jan rini da ita. Buhu fa. Su ne ma har yau suke fita kogin Tems duk watan Yuli ƙirgar wasu manyan fararen agwagi tare da ma'aikatan sarki, amma wannan wani zance ne.

Na kai wa Kawu hotunan a waya bayan magariba, ya daɗe yana kallon kofin nan na Mamalik sannan yace "to sa muciyar", bai ƙara komai ba.

Asabar 18 ga Mayu

Naje Kura. Wani tsoho abokin kakanmu da har yanzu ke zuwa karofi ya zagaya dani, yawancin rijiyoyin sun cike da ƙasa da leda, ƴan kaɗan ne ke aiki. Na durƙusa bakin ɗaya ya ɗaga murfin saƙa mai kama da malfa, kumfa mai ruwan tagulla ta taru a sama, warin baba da toka ya bugo ni har ido. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, kore-kore ya fito, muna tsaye iska na dukansa yana komawa shuɗi a gaban idona. Bakin rijiyar kuma fari-fari ne saboda katsi da laso da ake shafe shi da su. Hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, yace rabonsa da ganin farcensa fari tun yana saurayi. Nace Baba muciyar nan nawa ne tsawonta, ya miƙar da ita ta fi shi tsawo nesa.

Na ɗauki hoto daga sama na tsaya kan wani tudu. Da'ira da'ira ne kawai a jere. A mota ina dawowa na zana a bayan tikiti: farin fili kamar alawayyo kafin a rina, shuɗɗan dunƙule uku, biyu a sama ɗaya a ƙasa kamar yadda aka saba jera abu uku a garkuwa.

Lahadi 26 ga Mayu

An yi watsi da shi, kuma da gaskiyarsu. Ƙanina yace ludo ne, Gwaggo tace ƙwayar magani ce a katinta. Sannan Yaya babba ta tambayi abun da ban yi tunani ba ko kaɗan, me yasa uku alhali kakanmu mata huɗu ya bari, ɗakin wa aka cire? Falo yayi tsit. Nace Yaya wallahi ba ɗaki nake ƙirgawa ba tsari ne kawai, tace to tsarin ya koyi ƙirga.

Wani ya kawo shawarar a raba garkuwar gida huɗu kowane ɗaki da alamarsa. Akwai hakan a heraldiri, haka ake haɗa gidaje in anyi auratayya, na Sifen ma haka yake, ganuwa ta Kastil da zaki na Leyon kowanne yana wasa da sunan ƙasarsa. Amma mu in muka raba, gobe za a fara wa aka sa a dama ta sama don nan ne gidan daraja, uwargida ko wadda tafi ƴaƴa. Ƙungiyar da aka kafa don a daina ƴan ubanci bazan zana mata ƴan ubanci a hatimi ba. Turawan ma suna da alamun banbance ƴaƴa, na fari wani abu mai kama da matsefi a goshi, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro, na huɗu ɗan tsuntsu marar ƙafa, na biyar zobe, kuma a can tambari na mutum ɗaya ne ba na duk mai sunan gidan ba, masu sayar wa mutane "tambarin danginku" a intanet kasuwa kawai suke ci. Namu na ƙungiya ne, don haka ba ruwanmu da wannan.

Da dare na kasa barci sai na juya abun. Fili ya zama shuɗi, shine ruwan baba. Dunƙule su zama zobba farare, shine bakin rijiya mai katsi, cikin zoben shuɗin filin ne ke leƙowa, kenan rijiyar cike take ba sai na zana komai a ciki ba. Muciya biyu a gicciye su raba filin kusurwa huɗu, zobe ɗaya a kowace kusurwa, sama, ƙasa, dama, hagu, girmansu ɗaya. Muciyar ta zinare don itace mai ruwan ƙasa a kan shuɗi ɓacewa zai yi. Ƙarfe kan launi duka, ba a karya doka ba.

Fili shuɗi, muciya biyu na zinare a gicciye, tsakanin zobba huɗu na azurfa.

Kalma goma sha uku. Na tashi na rubuta a bango da fensir ƙarfe biyu da wani abu na dare.

Lahadi 2 ga Yuni

Ya wuce. Na karanta wa Gwaggo sau ɗaya ta maimaita, sai dai tace "na zinari" irin nasu na da. Yaya ta ƙirga zobban da yatsa ta gyaɗa kai. Har yanzu akwai mai tambaya zoben sama na wane ɗaki ne, nace ba na kowa bane, kuma ba za a rubuta ko'ina ba.

Rigimar yau take ce. Wani yace Aiki da Ibada, aka tuna masa na tsohuwar Jihar Arewa ne. Ƙanina sarkin tsokana yace a sa "A rina", Baffa yace sai ka cika mana da an saci zanin mahaukaciya, har Kawu sai da ya dara. An tsaya kan Zumunta a ƙafa take. Ba sabo bane amma kowa ya san shi, kuma take ba dole ya zama naka kai kaɗai ba, garkuwa ce ba a so a yi tarayya.

Zanko kuma na so in sa murfin rijiyar nan a kan gammo shuɗi da fari, na zana yafi sau goma, duk wanda na nuna wa sai yace malfar Fulani ce. Na cire. Kwalkwalin da Turawa ke ɗorawa kan garkuwa ma babu, ba mu taɓa sa shi ba balle mu zana. Garkuwa da take kawai.

Baffa ya roƙi abu ɗaya, shuɗin ya zama na turkuɗi irin rawanin ɗan Kura mai ƙyalli. Balazon ya yarda tunda azur azur ne, amma na gaya masa in yayi duhu da yawa daga nesa baƙi za a gani.

Asabar 8 ga Yuni

Ranar masu sana'a. Mai aikin keken ɗinki na kwamfuta ya gwada min a ƙyalle da zaren da Baffa ke so, muka fito da shi rana muka ja baya taku goma, baƙi ƙirin. Muka sake da wanda ya ɗan fi haske, wanda zani ke yi in an tsoma shi sau uku ko huɗu ba a kai shi gidan bugu ba, wannan ya zauna. Na ɗauki guda biyun zan kai wa Baffa ya gani da idonsa don in na faɗa da baki ba yarda zai yi ba.

Hatimi shi kuma launi ɗaya ne, tawada. Akwai dabarar da ake nuna launi da zane-zane, wani limamin Katolika Petra Sancta ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1638: zinare ɗige-ɗige, azurfa a bar ta fili, ja layuka a tsaye, shuɗi a kwance, kore a karkace daga dama ta sama, shunayya ɗaya karkatar, baƙi kuma a tsaye da kwance sun sarƙe. Na shirya fayil ɗin da kyau da layukan shuɗi sirara da ɗigon muciya na kai wa mai yanka hatimi a bakin kasuwa. Ya ɗaga gilashinsa ya duba yace "Malam wannan tawada zata cike shi, dunƙulen baƙi zaka samu". Nace a gwada dai. Aka gwada, ya buga a bayan katin waya, dunƙulen baƙin kuwa na samu, kuɗin roba ɗaya ya tafi. Na biyu shi ya tsara, filin gaba ɗaya tawada, muciya da zobba ya ƙwaƙule su suka fito fari tas, ya kuma kaurara zobban da kusan rabi. Tunda tawadar ofis shuɗiya ce dama, filin ya fito da launinsa na gaskiya, ni da na karanta Petra Sancta ban hango wannan ba.

Alhamis 13 ga Yuni

Riguna arba'in sun fito, bana ta fito. A banar mai bugawa ya juya hoton, muciyar da ta sauko daga hagu ce ta hau kan ta dama, a riguna kuma ta dama ce a sama. Na tsaya ina cizon yatsa, sai na koma jimlar, bata ce wacce ke sama ba, kenan duk biyun daidai ne. Na bar shi. Ya kuma ƙara wani ɗan inuwa da ƙyalli a gefen garkuwar wai don tayi kyau, wannan kam na sa ya cire.

Baffa ya zaɓi shuɗi mai hasken da kansa, yace ɗayan na makoki ne.

Na duba ko akwai inda ake rajistar irin wannan. Kenya na da hukumar tambari tun 1968, Afirka ta Kudu tun 1963, Kanada 1988, a Sikotilan ma kotu ce sukutum mai iya cin tarar wanda ya ɗauki tambarin wani. Mu dai littafin minti na ƙungiya zamu sa shi.

Talata 18 ga Yuni

Anyi taro yau, kwana biyu bayan sallah, ko'ina warin soye. An rataya banar a jikin rumfa, daga bakin layi ana gane ta. Tsohon nan na karofi aka ɗauko shi a mota, ya tsaya gabanta ya daɗe, sannan yace muciyar tayi gajarta, in ka tsoma wannan bazata taɓa gindin rijiya ba. Nace Baba garkuwar ce ƙarama. Yace to a ƙara garkuwar.

Sakatare ya rubuta jimlar a shafin farko na littafin minti da boko, Baffa ya rubuta da ajami a ƙasa, aka buga hatimi a gefe. Rasit na farko na Gwaggo ne, kuɗin wata, ma'aji ya buga mata shi a kife bai lura ba don muciya da zobba duk ta inda ka juya ɗaya ne, tsinin garkuwar ne kawai ya kalli sama. Zan sa mai hatimi ya yi ɗan tsaga a mariƙin ta gefen goshi. Saura hulunan dattawa guda goma sha biyu, mai ɗinki yace sai bayan sati biyu don yaransa duk sun tafi gida sallah.